Mijina kuɗin awo kawai yake bayarwa, wai sauran harkar mata ce

Saƙon wannan satin daga wata baiwar Allah ne da ta ce a ɓoye sunanta. Na ɗan rage tsawonsa, ga abin da ta rubuto:

"Anti barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Ina da ciki wata shida, na biyu kenan, a na farkon sai da jinina ya hau sosai a wata na takwas har aka ba ni gado. Mijina ba mugu bane wallahi, kuɗin awo da na magani bai taɓa hana ni ba, amma iyakarsa kenan. Ko sau ɗaya bai taɓa raka ni asibiti ba, in na dawo ba ya tambayar me aka ce, in na fara ba shi labari sai ya ce shi fa bai san wannan ba, harkar mata ce. Satin da ya wuce cikin dare kaina ya dinga sarawa har ina ganin dishi-dishi, na tashe shi ya ce in sha farasitamol in kwanta zuwa safe. Da safe ya lafa shi ya sa ban je asibiti ba. Tun ranar tsoro nake ji kuma raina a ɓace yake da shi. Ƙawata ta ce in daina yi masa magana har ya gane kurensa, yayata kuma ta ce duk maza haka suke in yi haƙuri. Ya zan yi?"

Ƙanwata, kafin mu taɓa maganar maigida bari mu fara da wadda ba ta jira. Yau ɗin nan ki shirya ki je asibiti a auna jininki a gwada fitsarinki, ki faɗa musu daidai yadda kika faɗa min, ciwon kai mai sarawa da ganin dishi-dishi, sannan ki tuna musu a cikin farko jininki ya hau har aka kwantar da ke. Kar ki ce ai ya lafa. Hawan jinin masu ciki haka halinsa yake, daga sati 20 zuwa sama yake fara nuna kansa, wani lokacin ya yi lamo kwana biyu mace ta ɗauka ta warke alhali yana nan yana taɓa ƙoda da hanta a ɓoye, yana rage jinin da ke isa ga ɗan cikin, in aka bar shi kuma shi ne yake kaiwa ga jijjiga. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, balle a ce an ga furotin a fitsari, ba likitan da zai yi wasa da shi. Kuma wadda ta taɓa yi a cikin baya ta fi sauran mata haɗarin ya dawo mata. Farasitamol zai iya danne ciwon kan amma jinin da ya hau yana nan inda yake. To in a kwance kike karanta wannan ki tashi, sauran kya ƙarasa a layin ganin likita.

Yawwa, sai maganar mijinki.

Ƙawarki ta ce gaba, yayarki ta ce haƙuri, duk su biyun son ki suke yi amma shawarar tasu tasha ɗaya take sauke ki. Ranar da abu zai sake tasowa ƙarfe biyun dare, mutumin da yake kwance gefenki har yanzu bai san komai ba. In kin yi gaba da shi abin da zai gane kawai kina fushi, ƙila ma ya ce laulayi ne ko rigimar masu ciki, ba zai gane cewa ciwon kai da dishi-dishi ga mai ciki abin tada mota ne ba. In kuma kin haɗiye kin yi shiru shi kenan kin tabbatar masa da abin da dama yake tunani, cewa tunda ya miƙa kuɗi ya sauke nauyinsa.

Ɓacin ranki yana kan hanya, ban wanke shi tas ba, mutum ya ga matarsa ta taɓa kwanciya asibiti a kan ciki ya kamata ko ba a ce masa komai ba ya tambaya. Amma ni dai yadda na karanta saƙon naki, wannan daren rashin sani ne ya yi aiki, wanda aka ce ya fi dare duhu. Ke an zaunar da ke a wajen awo an yi miki bayani sau nawa? Shi fa? Tun yana yaro da an fara irin wannan hirar ake ce masa tashi ka ba mu wuri, ya girma a haka ya yi aure a haka, yau kuma a ce shi ne zai yanke hukunci cikin magagin barci ko a tafi asibiti ko a jira safiya. Kinga an ba shi tuƙi ba a nuna masa hanya ba. Kuma maza da yawa, wannan ra'ayina ne, in suka ce "harkar mata ce" kunya ce da tsoron a ga jahilcinsu suke lulluɓewa da ita, namiji ya gwammace a ce bai damu ba da a ce bai sani ba.

Wannan jiran safiyar ba ƙaramin abu bane, masana sun daɗe da sa masa ido. Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka nuna cewa jinkiri uku ne yake halaka mata wajen ciki da haihuwa, jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, sai jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun na ma'aikata ne da hukuma. Amma na farko da na biyu a cikin gida ake yin su, kuma sau tari a hannun miji suke, shi ne da kuɗin, shi ne da abin hawan ko lambar mai abin hawan, shi ake jira ya ce a tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 260,000 ne suka rasu a 2023 sanadin ciki da haihuwa, sama da 700 kenan kullum, kuma yawancinsu abin da ya ɗauke su ana iya tare shi in an zo da wuri. Ban kawo wannan dan in ɗaga miki hankali ba, so nake ki ga abin da kike nema wajensa ba shagwaɓa ba ce.

To ya za a yi ya shigo ciki? Abu na farko ki daina ce masa "ba ka damu da ni ba". Gaskiya ce daga zuciyarki amma shi abin da kunnensa zai ji tuhuma ce, nan take zai fara lissafo miki kuɗin da ya kashe, ku ƙare da rigima ba a je ko'ina ba. Ki ba shi aiki mai suna, mai rana, mai iyaka. Ki nemi lokacin da ya huta hankalinsa a kwance, ba yana shigowa a gajiye ba, ba kuma a gaban mutane ba, ki ce masa abin da ya same ki daren nan kin je an duba ga abin da aka ce, kuma kina so ranar awo mai zuwa ya zo ya ji da kunnensa ko na minti goma ne, tunda in abu ya rikice shi ne zai tsaya a kanki. Sau ɗaya tak kike roƙo yanzu, kar ki ce duk awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma daga sati 30 zuwan yana matsowa kusa da kusa, 34, 36, 38, 40, ke da kike da tarihin hawan jini ma ƙila su ce ki riƙa zuwa fiye da haka. Mai fita nema ba zai iya duka ba kuma ba a buƙatar ya iya. Ɗaya ko biyu da ya shiga ya zauna gaban likita sun fi goma da zai ajiye ki a bakin ƙofa ya wuce.

Ki yi dabara ki faɗa wa nas ko ungozomar da take duba ki tun kafin ranar, ki ce mijina zai zo, dan Allah ki yi masa bayanin alamomin haɗari. Maganar da kika yi wata shida kina yi ba ta shiga ba, mai farin kaya za ta faɗe ta sau ɗaya ki ga yana gyaɗa kai, abin haushi abin dariya, amma mu dai biyan buƙata muke so. In ranar da za a yi hoton ciki ce ma ya fi, maza da yawa sai sun ga abin yana motsi a allo sun ji bugun zuciyarsa sannan cikin yake zama ɗa a wajensu. Kuma akwai gwajin da nasa ne shi ma, ba rakiya kawai ya zo ba. Rukunin jininsa, dan in naki negetif ne nasa fozitif akwai allurar da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa saboda kare cikin gaba. Gwajin sikila in ba ku taɓa yi ba, tunda AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ita. Sai gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sifilis, wanda in an yi wa mace magani ba a yi wa mijin ba sai ya sake shafa mata. Wannan na ƙarshen ki bar ma'aikata su faɗa da bakinsu cewa kowa ake yi wa, kar ya ɗauka zarginsa kike.

A yi wa maza adalci a nan, wuraren awo da yawa ba a tsara su da tunanin namiji zai shigo ba, benci cike da mata, layi tun safe har rana ta take, wani wurin ma a kalle shi a ce malam me kake yi a nan. In naku haka yake ya jira a waje ki kira shi in layi ya zo kanki, in ya gagara gaba ɗaya ki kira shi a waya ki sa a sifika likita ta yi masa magana.

Alamomin da nake so su zauna a kansa kamar lambar wayarsa, zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ciwo mai zafi a saman ciki ƙasan haƙarƙari, zazzaɓi, numfashi da ƙyar, fashewar faya kafin lokaci, ɗan ciki ya rage motsi ko ya daina, sai jijjiga. Ki rubuta ki tura masa a WhatsApp, ki kuma liƙa a bangon ɗaki. Kowace ɗaya a cikinsu ba a jiran gari ya waye. In da hali ku sayi na'urar auna jini ta gida ki damƙa masa a hannu ki ce shi ne mai auna ki yana rubutawa da kwanan wata, za ki sha mamaki, mutumin da ya ce bai san harkar mata ba in ka ba shi na'ura mai lamba sai ya zama shi ne yake tashin ki a auna. Haka maganin ƙarin jini da ake sha kullum, ya sa ƙararrawa a wayarsa ya riƙa tuna miki.

Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ku zauna ku gama magana, wane asibiti za a haihu, da me za a tafi in cikin dare ne, lambar mutum biyu masu abin hawa ba ɗaya ba, kuɗin da aka ware ba a taɓawa, wa zai riƙe babban yaron, su wa za su iya ba da jini in an nema. Ku yi maganar tiyata ma tun ana dariya, in likita ya ce sai an yi aiki ba a tsaya ana buga waya gida-gida ana neman ra'ayi mace tana galabaita ba. Abu mafi girma da nake so ki karɓa daga bakinsa shi ne ya ce miki a fili, in kin ga ɗaya daga alamomin nan ba ya nan ko wayarsa ba ta shiga, ki tafi kawai, ya yarda tun yau. Ya faɗa a gaban wani babba a gidan ma dan kar ranar a samu mai tare ki.

Amma fa a kula, shigowar miji ba ta nufin ya karɓe bakinki. Na san matan da suka yi ta addu'ar miji ya raka su, da ya fara rakiyar sai ya zama shi ke amsa tambayar likita, ita tana zaune kamar baƙuwa a jikinta. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ba da shawarar a jawo maza cikin lamarin a 2015 sai da ta gindaya sharaɗi, a yi shi ta yadda za a mutunta zaɓin mace da ikonta a kan lafiyarta. In akwai abin da kike son faɗa wa likita ke kaɗai kina da haƙƙin ki ce ya ɗan ba ku wuri. Wadda kuma mijinta yake duka ko tsoratarwa, wannan shawarar ba tata ba ce, ita ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a keɓe.

Wannan ɓangaren kuma miƙa masa wayar ya karanta da kansa.

Maigida, sannu da ƙoƙari, iyalinka da bakinta ta ce ba ka taɓa gaza mata kuɗin magani ba, ba kowa ake yi wa wannan shaidar ba. Saura aikin da kuɗi ba ya yi. Ranar da aka ce an sauka lafiya kowa murna zai kama, hankali ya koma kan jariri, to kai naka idon ya tsaya kan uwar. Zubar jini bayan haihuwa yana iya ɗauke mace mai cikakkiyar lafiya cikin 'yan awanni, in ka ga tana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya ko jiri yana ɗibarta ka ɗaga murya a zo. Hawan jinin nan ma ba ya tafiya dan an haihu, yana iya tasowa har cikin sati shida na farko, saboda haka na'urar ba a ajiye ta ba tukuna. Ana so a duba uwa da ɗa cikin awa 24 na farko, a sake a kwana na uku, a sake tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a sati shida, kai ne mai kai su. Shi ma jaririn satin farko ne mafi hatsari, jarirai wajen miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya a 2022 kafin su cika kwana 28, kusan kashi uku cikin huɗu a satin farko. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ya haura 37.5, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya saki jiki ba ya motsi, ko cibiya tana wari tana fitar da ruwa, ko shawara ta fito masa a ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, asibiti kai tsaye. Numfashi ma za ka iya ƙirgawa da agogon wayarka yana kwance shiru, in ya kai 60 a minti ɗaya ya yi sauri da yawa.

Ka ɗauki ɗanka. Ba zai karye ba. Ka cire riga ka kwantar da shi a ƙirjinka fata da fata a lulluɓe ku, ɗumin jikinka yana riƙe masa nasa ɗumin kuma uwar ta samu ta runtsa, ga bakwaini ma wannan magani ne sosai. Jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, kai ba ka da nonon amma kana da hannun ɗauko shi ka miƙa mata, ka sa shi gyatsa, ka canza masa, ka janye babban yaron ta yi barcin awa biyu. Kukansa zai yi ta ƙaruwa zuwa wajen sati shida kafin ya fara sauƙi, in ya ishe ka ka kwantar da shi a rigingine inda ba zai faɗo ba ka fita ka sha iska, kar ka taɓa girgiza shi da ƙarfi, ƙwaƙwalwar jariri ba ta ɗaukar wannan. In kana shan sigari ko shisha, ba a ɗaki ba, ba a mota ba, tun yanzu da cikin ma, hayaƙin yana rage nauyin ɗan ciki kuma yana cikin abin da ke jawo mutuwar jarirai cikin barci.

Inda aka fi buƙatarka kuma, wajen 'yan'uwa. Nonon farko mai kauri, dakashi, shi ne kariyarsa ta farko, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, sannan nono zalla har wata shida ko ruwa ba a haɗawa dan nonon kansa yawancinsa ruwa ne. Za a samu masu cewa ƙishi yake ji a ɗan ɗiga masa wani abu, da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma mai jego a gajiye ba za ta iya musu da mahaifiyarka ko yayyenka ba, in ta yi a ce ta yi rashin kunya. Kai in ka ce cikin ladabi likita ya hana, magana ta mutu. Katin rigakafi ma ka san inda yake, akwai na tarin fuka da na ciwon hanta tun ranar haihuwa, a ƙasashe da yawa sauran suna biyowa a sati 6 da 10 da 14, na ƙyanda a wata 9. Kuma ka lura da yanayinta, kuka ba dalili da saurin fushi a kwanakin farko yawanci yana wucewa cikin sati biyu, in ya zarce, ba ta barci ko da yaron ya yi, ba ta jin daɗin komai, ko tana maganar gara ba ta raye, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama sama da mace ɗaya cikin goma kuma yana da magani. Iyaye maza ma yana taɓa su, in kai ne ka ji haka ka yi magana. Maganar tazara kuma ku yi ta tare gaban likita a zuwan sati shida, shawarar masana a bari a kai wata 24 kafin wani cikin, balle ita da jininta yake hawa.

To ƙanwata karɓi wayarki. Zai iya yiwuwa ki yi duk wannan ya ce shi dai ba zai je ba, mutum ba ya sauya halin shekara talatin a sati ɗaya. In haka ta faru kar ki tsaya jayayya, ki nemi wanda yake jin maganarsa, wansa ko amininsa da ya riga shi zama uba, shi ya yi masa ta maza. Kafin nan ki samu mutum na biyu, yayar nan taki ma ta isa, ki ba ta jerin alamomin da sunan asibitin, ta san wayarta ba ta mutuwa da dare daga yanzu har ki yi sati shida da haihuwa. Allah ya sauke ki lafiya ya raya abin da za ki haifa. In kin dawo daga asibitin ki rubuto min lambar da awon jinin ya nuna, ina jira.